Shirin Ritaya Ga Ma'aikacin Jami'a a Bauchi da Gombe: Daga Fayil Zuwa Fanshon Farko

Ma'aikacin jami'a ya fi sauran ma'aikatan gwamnati daɗewa a bakin aiki. Gyaran da aka yi wa dokar jami'o'i a 2012 ya ajiye shekara 70 ga masu matakin farfesa, 65 ga sauran ma'aikata, kuma ƙa'idar nan ta shekara 35 a bakin aiki ba ta hawa kan malamin jami'a. Wannan tsawon wa'adi shi ke sa mutum ya miƙe ƙafa, sai ya ga takardar tunatarwa ta fito daga ofishin magatakarda alhali bai taɓa buɗe fayil ɗinsa ya ga abin da ke ciki ba. Mafi yawan jinkirin fansho da ake kuka da shi daga takardu yake tasowa, kuma takardun nan tun mutum yana da ofis da ƙarfin zirga-zirga ya kamata a gyara su.

Fara da sanin tsarin da kake ciki

Ma'aikatan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jami'ar Tarayya ta Kashere da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare suna ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo, wanda aka kafa da dokar 2004, aka sabunta ta a 2014. Hukumar PenCom ke sa ido, kamfanonin da ake kira PFA ke juya kuɗin, kowane ma'aikaci kuma yana da asusunsa mai lamba, wato RSA. Ma'aikatan Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau dokar jiharsu da sharuɗɗan aikin jami'arsu ne ke yanke musu hukunci. Idan a can kake, je ofishin ma'aji ka tambayi abu uku a rubuce: wane tsari ake bi a kanka, nawa ake cirewa a wata, ina kuɗin yake zuwa. Kada ka ɗauki amsar ɗakin shan shayi a matsayin doka.

A tsarin karo-karo, mafi ƙarancin abin da ake zubawa kashi 18 ne cikin ɗari: 8 daga albashinka, 10 daga mai ba ka aiki. Kafin 2014 kashi 7.5 ne kowane ɓangare. Lissafin ya ƙunshi ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. A ce abin da ake lissafa maka fansho a kai naira 300,000 ne a wata. Za a cire maka 24,000, a ƙara 30,000, jimla 54,000, a shekara 648,000. Riƙe wannan lissafi, da shi za ka auna bayanin asusunka.

Saura shekara goma: gyaran takardu

Nemi izini ka ga fayil ɗinka a sashen kula da ma'aikata. Ka zo da katin NIN, da bayanin BVN daga banki, da takardar rajistar RSA, ka jera su a kan tebur tare da takardar ɗaukarka aiki ta farko. Abu biyu kake dubawa: suna da ranar haihuwa.

Matsalar suna a yankinmu sananniya ce. Takardar ɗaukar aiki ta ce Muhammad, katin NIN ya ce Mohammed, banki ya taƙaita zuwa Moh'd, takardar digiri kuma ta ƙara sunan gari a ƙarshe, Misau ko Kumo ko Dukku. Ga mata akwai ƙarin wata: an ɗauke ta aiki da sunan mahaifi, ta buɗe asusun banki da sunan miji. Mutum ya san shi ne duka, amma kwamfuta ba ta sani ba, kuma ita ke tantancewa. Zaɓi rubutu ɗaya, ka yi takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida idan an buƙata, sannan ka bi sauran wuraren ɗaya bayan ɗaya har su daidaita.

Ranar haihuwa ta fi wuya. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce ranar da aka rubuta lokacin da aka fara ɗaukarka ita ce tsayayya, ba a sauya ta. Saboda haka idan NIN ya saɓa da fayil, NIN ne za a gyara ya bi fayil. Wanda ya yi ƙoƙarin rage shekaru a tsakiyar aiki yakan jawo wa kansa bincike, wani lokaci har a ce ya mayar da albashin shekarun da ya zarce.

Sai tarihin aiki. Da yawa daga ma'aikatan jami'o'in nan ba a jami'a suka fara ba. Wani malamin sakandare ne a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jiha, wani daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi ya taho, wani daga kwalejin ilimi ta Azare ko ta Gombe. Tambayar ita ce: canjin wurin aiki aka yi maka a hukumance, da takardar amincewa daga ɓangarorin biyu, ko ajiye wancan ka yi ka karɓi sabo? Idan babu takardar haɗe shekarun aiki, shekarun farko na iya zubewa. Wanda ya fara aiki da tsohuwar Jihar Bauchi kafin a cire Gombe a ranar 1 ga Oktoba 1996 ya fara neman tsohon fayil ɗinsa da wuri, domin mai yiwuwa sai ya bi ofisoshin jihohin biyu.

Wannan yana da muhimmanci musamman ga wanda yake aikin gwamnatin tarayya kafin ƙarshen Yuni 2004. Irinsa yana da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda gwamnati ke zubawa a RSA ɗinsa bayan ya yi ritaya, kuma matakin albashin da yake kai a Yuni 2004 na cikin abin da ake lissafi da shi. Takardar albashi ta wannan watan, da takardun duk ƙarin girman da ya biyo baya, kadara ce. A ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi a wuri biyu, asalin kuma a cikin leda nesa da gara da ɗigon ruwa.

Daga nan ka je ofishin PFA ɗinka a sabunta bayananka, idan ka yi rajista kafin Yuli 2019 kuma ba ka yi ba tukuna. Za a ɗauki hotonka, a haɗa asusun da NIN. Idan ka taɓa yin rajista da kamfani biyu, abin da ya faru da mutane da yawa a farkon tsarin lokacin da wakilan kamfanoni ke bin ofisoshi da fom, faɗa musu a haɗe lambobin. In ba haka ba kuɗinka na nan a warwatse.

Karanta bayanin asusunka wata-wata

Karɓi cikakken bayanin RSA tun daga ranar da aka buɗe shi, ba na wata uku kawai ba. Ɗauki biro ka bi kowane wata. Inda ka ga giɓi, ka sa alama, ka nemo takardar albashin watan. Idan ta nuna an cire amma bai shiga ba, rubuta wa ma'ajin jami'a ta hannun jami'in teburin fansho, ka haɗa kwafin takardun biyu, ka ajiye naka kwafi mai hatimin karɓa. Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, kuma ta sa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a wata ba a kan abin da aka riƙe.

Akwai lokutan da giɓi ya fi faruwa: watannin farko bayan ɗaukar aiki kafin a miƙa lambar RSA, lokacin sauya tsarin biyan albashi kamar shigar jami'o'in tarayya IPPIS a 2020 da fitar da su da aka amince da ita a Disamba 2023, lokacin hutun ƙaro ilimi ko aron ma'aikaci zuwa wata hukuma, da lokacin yajin aiki. Yajin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka riƙe albashi. A misalinmu na 54,000, wata takwas naira 432,000 ne, ban da ribar da za su haifa cikin shekaru. Duk sanda aka biya bashin albashi ko na ƙarin girma, duba ko kason fanshonsa ya bi shi.

Wane asusu kuɗinka ke ciki

Tun 2018 aka raba kuɗin fansho rukuni-rukuni. Wanda bai kai 50 ba ana ajiye shi a Asusu na II sai in ya nemi na I, wanda ya fi zuba kuɗi a hannun jari, riba da kasada duka sun fi yawa. Daga 50 ana mayar da mutum Asusu na III mai taka-tsantsan. Na IV na 'yan fansho ne. A 2021 aka ƙara Asusu na VI marar kuɗin ruwa, wanda ke zuba kuɗi a sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, da makamantansu, kuma yana da ɓangaren masu aiki da na masu ritaya. Ba a kai mutum can sai ya cika fom ya nema. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da riba ba, wannan ce ƙofarsa, kuma mutane da yawa ba su ma san da ita ba.

Ga ma'aikacin jami'a akwai abin lura a nan. Mai shekara 50 da zai yi aiki har 65 ko 70 yana da sauran shekara 15 zuwa 20 a gaba. Ana barinsa ya nemi komawa Asusu na II. A ganinmu wanda ke da irin wannan tazara ya zauna ya kwatanta ribar asusun biyu ta shekara biyar da suka wuce da hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kafin ya bar abin yadda yake.

Tun Nuwamba 2020 kuma ana iya sauya PFA sau ɗaya a shekara, kyauta. Akwai NUPEMCO da aka kafa don ma'aikatan jami'a, akwai sauran. Ka auna da ribar shekaru, da kasancewar ofis a Bauchi ko Gombe da za ka taka da ƙafarka, ba da kalanda ko lema da wakili ya kawo maka ba.

Wanda ke samun kuɗin gefe, na jarrabawa ko koyarwar wucin gadi, yana iya neman a riƙa cire masa ƙari na ganin dama daga albashi zuwa RSA. Rabin wannan ƙari ana iya cira bayan wa'adi, rabi kuma yana kulle har ritaya.

Saura shekara biyar: gida, bashi, sana'a

Gidan jami'a aro ne. Wanda ke zaune a gidajen ma'aikatan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yelwa ko Gubi ya sani ana ba da ɗan wa'adi ne bayan ritaya a ce a kwashe. Mafi munin lissafi shi ne a jira dunƙulen kuɗin ritaya a fara gini da shi, domin siminti da rodi ba sa jiran kowa, kuma ginin yakan tsaya a linta kuɗin sun ƙare. A gama ɗaki biyu da banɗaki da katanga da rijiya tun ana karɓar albashi, sauran ya biyo baya. Takardar filin ma a kammala ta. A Gombe hukumar GOGIS ke wannan aiki.

Tun 2022 an yarda mai RSA ya yi amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba a matsayin kason farko na bashin sayen gida. Sharaɗi: ya yi zubi na wata 60, kuma ya kasance yana da sauran aƙalla shekara uku kafin ritaya. A tuna dai duk abin da aka cira yanzu zai rage fanshon wata-wata.

Rubuta duk bashin da ke kanka a takarda ɗaya: na ƙungiyar adashin ma'aikata, na banki, na mota, na kayan azumi da ragon layya da ake cirewa a albashi. Tsara su ƙare aƙalla shekara ɗaya kafin ranar tafiya. Daga saura shekara uku ka daina tsaya wa kowa a bashi, domin in ya gudu, a wurin sa hannun sallama za a tare ka.

Batun sana'a, tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, ban da noma. To a gwada noman ko kiwon tun yanzu da ƙaramin kuɗi, kaka uku a jere, da littafin shiga da fita. Wanda ya yi noman rani a Daɗin Kowa shekara uku ya san kuɗin mai da taki da leburori, ya san abin da ke saura. Wanda bai taɓa yi ba ya zuba miliyoyi a shekarar farko, makaranta ya biya.

Shekarar ƙarshe

PenCom tana tantance ma'aikatan tarayya masu shirin ritaya tun kafin shekarar tafiyarsu, kuma yanzu ta intanet ake farawa. Jami'in teburin fansho na jami'a ne ke fara shigar da sunayen masu tafiya. Tabbatar naka ya shiga. Sai ka yi rajista a shafin hukumar, ka ɗora takardu, ka kai asalinsu ofishin PFA a duba, a ba ka takardar shaidar tantancewa. Abin da za ka tanada: takardar ɗaukar aiki ta farko, ta canjin wurin aiki in akwai, ta haihuwa ko rantsuwar shekaru, takardun ƙarin girma, takardun albashi, wasiƙar gabatarwa daga jami'a, katin shaidar aiki, NIN da hoto. Wanda ya tsallake wannan zagaye ya jinkirta wa kansa kuɗi.

Miƙa sanarwar ritaya a kan lokacin da sharuɗɗan aikin jami'arka suka ce. Fara zagayen sa hannun sallama da wuri: laburare, sashen gidaje, sito, ƙungiyar adashi, ofishin ma'aji, mai binciken kuɗi. Abin da ya fi riƙe mutane shi ne kuɗin da aka ba su na tafiya ko sayayya ko bincike ba su kawo rasit sun rufe ba, wani tun shekara takwas baya, da kwamfutar ofis da aka rubuta da sunansu. Malami kuma ya miƙa sakamakon jarrabawa da ɗaliban da yake dubawa a rubuce.

Albashi yana tsayawa cak a watan ritaya, fansho kuma ba ya fara zuwa washegari. Tazarar kan ɗauki watanni, musamman ga mai jiran haƙƙin kafin 2004. Tanadi kuɗin cefane, magani, wuta da makarantar yara na aƙalla wata shida, shekara in da hali, a asusu dabam da ba ka riƙe katinsa a aljihu. Sayen hatsin shekara da kaka ma yana rage nauyi.

Ranar zaɓi a ofishin PFA

Za a nuna maka jimlar asusunka, a lissafa da shekarunka, jinsinka da albashinka na ƙarshe. Dunƙulen kuɗin da ake kira lamsam ba yadda ka ga dama ake ba ka ba: ana duba cewa abin da ya rage zai iya samar da fansho kimanin rabin albashinka na ƙarshe. Shi ya sa mutane da yawa ke tashi da kusan kashi 25 cikin ɗari. Mai naira miliyan 20 a asusu ke nan ya sa ran miliyan 5 a hannu, 15 su zauna suna biyansa. Nemi a buga maka lissafin a matakai biyu ko uku na lamsam, ka tafi gida da shi. Babu dole ka sa hannu a ranar.

Sauran kuɗin hanya biyu ce. Ta farko, su zauna a wurin PFA ana ci gaba da juya su ana biyanka wata-wata ko duk wata uku. Idan an samu riba akan ƙara fanshon lokaci-lokaci, idan ka rasu abin da ya rage na magada ne, amma in rai ya yi tsawo sosai asusun na iya yin ƙasa. Ta biyu, anuwiti: a miƙa kuɗin ga kamfanin inshorar rai ya riƙa biyanka har ƙarshen rayuwa. Akwai lamunin shekara goma; in ka rasu a cikinsu, magada su karɓi na sauran shekarun, in bayan goma ne, babu abin da ya rage musu. Daga hanyar farko ana iya komawa ta biyu, daga ta biyu ba a dawowa. Mai ƙananan yara da iyali da yawa ya yi wa wannan dogon nazari, kuma wanda ke da damuwa ta fuskar shari'a ya kai wa malami takardun kansu ya gani. Farfesan da ya yi aiki har shekarun ritaya doka ta ba shi fansho daidai da albashinsa, don haka ya tabbatar an rubuta matsayinsa daidai a wurin tantancewa.

Lamsam yana shigowa, masu shawara na shigowa. A ajiye shi wata uku ba a taɓa ba. Duk wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, a tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025, a kuma duba ko hukumar SEC mai sa ido kan harkar zuba jari ta yi masa rajista. Mai son wurin ajiya marar ruwa akwai sukuk da gwamnatin tarayya ke fitarwa tun 2017, da bankuna irin su Jaiz, TAJ da Lotus. Sayen Keke Napep a ba yaro, ko tara buhuna a Tudun Hatsi a jira tsada, kowanne yana ci yana kuma cinye jari. Kada abin da za a sa a irinsu ya wuce wanda in ya salwanta gida ba zai girgiza ba.

Ƙananan haƙƙoƙi da ake mantawa

Kashi 2.5 cikin ɗari da aka yi ta cirewa na asusun gidaje na ƙasa, NHF, ana mayar wa mai ritaya in ba shi da bashin gida a kansa. Ta ofishin ma'aji ake cika fom zuwa bankin FMBN, tare da lambar NHF da bayanin zubi. Haka jarinka da ajiyarka a ƙungiyar adashi.

Inshorar lafiya ta NHIA da ta rufe ka da matarka da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da 18 tana bin albashi ne. Kafin ta yanke, yi cikakken gwajin hawan jini, sukari, ido da mafitsara, sannan ka yi rajista a shirin GIFSHIP na NHIA ko hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, BASHCMA a Bauchi, GoHealth a Gombe.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a son magana a kai. Sunan makusanci da ka rubuta a fom ba ya mayar da shi magaji. Shi ne kawai wanda za a nema. Ba a sakin kuɗin RSA na mamaci sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kula da gado, ko umarnin kotu mai hatimi. Wanda ya rasu a bakin aiki kuma iyalinsa na da kuɗin inshorar rai da bai gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Sabunta sunan makusanci in an yi sabon aure, ko rabuwa, ko rasuwa. Rubuta sunan PFA, lambar RSA, lambar ma'aikaci, bankuna, da bashin da kake bi da wanda ake binka a takarda guda, ka nuna wa uwargida da babban ɗa ko 'ya inda ka ajiye ta.